Farfesan da ya tambayi dalilin da ma'aikaci ke ƙin kwamfuta

A shekarun 1980 kamfanonin Amurka sun zuba kuɗi wajen sayen kwamfutoci, amma ma'aikata da yawa suka riƙa kauce musu. Wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT, Fred Davis, ya ɗauki wannan matsala ya mai da ita aikin rayuwarsa.

A 1989 ya wallafa bincikensa a mujallar MIS Quarterly. Ya ce abu biyu ke sa mutum ya rungumi sabuwar manhaja: ya ga za ta amfane shi a aikinsa, ya kuma ga ba za ta wahalar da shi ba. Da ya gwada a kan ma'aikatan IBM da ɗaliban jami'a, sai amfani ya rinjayi sauƙi. Wato mutum zai jure wa manhaja mai wuyar sha'ani muddin tana biya masa buƙata. Magana ce mai kama da abin da kowa ya sani, amma shi ne ya auna ta.

Ya koyar a jami'o'in Michigan, Maryland da Arkansas. A 2003 shi da Viswanath Venkatesh da wasu abokan aiki biyu suka faɗaɗa ra'ayin, suka shigar da tasirin mutanen da ke kewaye da ma'aikaci.