Uwayen Masauki: Matan da Suka Riƙe Baƙin Gaya a Zamanin Faransa



Tun kafin zuwan Nasara Gaya mashigi ce. Ayarin fataken ƙasar Hausa masu neman goron Gwanja sukan ƙetare Kwara a wannan yanki su nufi Jugu da Salaga, masu gishirin Foga kuma su gangaro da jakunansu. Duk garin da ake jiran fito sai an kwana a cikinsa, mai kwana kuwa sai an ba shi ɗaki da ruwa da tuwo. A al'adar fatauci fatoma ne mai saukar da baƙo, ya nema masa mai saye, ya karɓi la'ada. Amma wuta da tukunya da tsaron kaya suna hannun matan gida.

Saboda haka idan maigida ya rasu, sana'ar ba lalle ta bi shi kabari ba. Matar takan yi takabarta wata huɗu da kwana goma, sannan a zo rabon gado. Shari'a ta ba ta tumuni idan mamacin ya bar ɗa, rubu'i idan bai bari ba, kuma idan da kishiyoyi, wannan kason za su raba. Tumunin gida bai isa masauki ba. Wadda ta ci gaba da saukar da baƙi ta yi haka ne da yardar magada, ko don tana riƙon marayu, wani lokaci sai da dattawa suka sa baki. Jarinta na gaskiya amana ce: falke ya bar mata ƙunshinsa ya tafi, ya dawo bayan damina ya tarar da ƙullin yadda ya ɗaure shi.

Mulkin Faransa ya sauya irin baƙin. Yamai ta zama babban birni a 1926, jirgin ƙasa daga Kwatano ya kai Faraku a 1936, hanyar teku ta Nijar ta biyo ta Gaya. Sai ga direbobi da yaran mota da ƴan ci-rani masu zuwa Kurmi, ga kuma masu shiga Kamba ta ɓangaren Ingilishi. Waɗannan ba su neman dillali, tabarma da abinci mai zafi suke biya, abin da mace za ta iya sayarwa ba tare da ta taka kasuwa ba. Da shi aka biya haraji, aka aurar da ƴaƴa.

Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958 ta rage jiran fito, motoci suka riƙa wucewa da rana tsaka. Jikokin waɗannan iyaye mata suna cikin wannan taro. Ana roƙon Mai Martaba ya sa masu unguwanni su zauna da tsofaffi, a rubuta sunan kowace uwar masauki da unguwar da gidanta yake, a ajiye takardar a fada.