Mu Koya Wa Ƙannenmu Magana A Gaban Jama'a



Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda ɗalibi zai miƙe a gaban jama'a ya yi bayani har a fahimce shi. A wurin aikina na sha ganin matashi mai digiri ya rubuta takarda mai ma'ana, amma da an ce ya kare ta a gaban kwamiti sai murya ta shige ciki, ido ya koma ƙasa. Daga nan sai a ajiye shawararsa, a ɗauki ta wanda bai kai shi sani ba amma ya fi shi baki. Haka abin yake a ganawar ɗaukar aiki da wurin kare kundin digiri a jami'a.

Haƙiƙa wannan rauni tun daga sakandare yake farawa. Hatta jarrabawar furucin Ingilishi ta WAEC da fensir ake amsa ta a kan takarda, saboda haka yaro yana iya cin ta ba tare da ya buɗe baki ba. Bugu da ƙari, a gida mukan haɗa kunya da ladabi, alhali kuwa yaro yana iya girmama na gaba kuma ya faɗi abin da ya sani a fili.

Magabatanmu ba haka suka taso ba. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano malaman makaranta ne, kuma a shekarun 1940 suna cikin masu zaman tattaunawa a Bauchi tare da Malam Sa'adu Zungur, inda ake muhawara kan al'amuran jama'a. Ran 7 ga Oktoba 1960, Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya yayin da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, shi ma da koyarwa ya fara. Wato dai a aji da zauren muhawara aka wasa harshen nan.

To, mene ne abin yi? Na farko, a ware minti 5 a taron safe, kullum ɗalibi guda, namiji ko mace, ya yi bayani kan abin da ya sani, ko da yadda ake noman albasa ne a garinsu. Na biyu, a koya masa tsari: ya faɗi abin da zai yi magana a kai, ya kawo hujjoji 3, sannan ya taƙaita. Kanun maganar kawai zai rubuta a 'yar takarda, domin mai hadda da ya manta kalma ɗaya sai komai ya tsaya. Na uku, ya fara da Hausa, idan gabansa ya daina faɗuwa sai ya koma Ingilishi. Na huɗu, ya ɗaga kai, ya yi magana yadda na layin baya zai ji. Malamai kuma don Allah a bar gyara sai ya gama, a kuma hana dariya, domin dariya ɗaya takan rufe bakin yaro shekara guda.

Mu tsofaffin ɗalibai, rokona shi ne mu farfaɗo da ƙungiyar muhawara. Kowane zangon karatu mutum 3 daga cikinmu su zo su yi alƙalanci, mu sa kyautar littattafai, mu ɗauki nauyin mota idan za a kara da wata makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon Sakatare ya buɗe takarda kafin mu tashi, kuma a fara da sunana.

Allah Ya yi wa ƙannenmu albarka, Ya saka wa malamanmu da alheri.