Kwana 3, Mako 2, Wata 3

  

Maganar yau tana da nauyi a baki, amma zan faɗe ta, gama na ga abin da shiru ya ke yi wa gida. Da kai na ke, ɗan'uwana, kai da ka sauka da kayanka a wani gari, ko Konni, ko Damagaram, ko Zangon Kumasi, dare ya yi, ba wanda ya san ka, ka kwana da macen da ba taka ba. Yanzu ga ka a cikin mota za ka gida, zuciyarka ta ƙi kwanciya. Ka yi zunubi, ka kuwa sani, ba sai na gaya maka ba. Wanda ya tuba da gaskiya, Allah mai gafara ne. Amma tuba ba ta kashe ƙwayar cuta a cikin jini, wannan aikin likita ne. Saboda haka sai ka soma ƙidayar kwanaki.

Ƙidaya ta fari gajeriya ce, kwana 3 kaɗai, watau awa 72. Akwai maganin da a ke ba mutumin da ya ke tsoron ya gamu da ƙwayar ƙanjamau. Ana sha kowace rana har kwana 28, yana hana ƙwayar ta kafu a jiki. Amma sai an soma kafin awa 72 su cika, in an soma a ran nan ma ya fi. Kada ka ce sai ka sayar da albasarka tukuna. Ka bar wa yaronka buhunan, ka nemi asibitin garin da ka ke, ka faɗi gaskiya.

Sa'an nan ciwon sanyi. Shi ba ya daɗewa, a wurin namiji yakan nuna kansa daga kwana 2 zuwa mako 2. Za ka ji zafi sa'ad da ka ke fitsari, kamar an zuba barkono, ka ga mugunya fara ko rawaya tana fita daga gabanka, har ta ɓata wando. Akwai ɗan'uwansa da likitoci su ke kira kilamidiya, shi ya fi shiru, sau da yawa mutum ba ya jin kome. Bayan mako 2 awon fitsari ko na ruwan da ke fita yana iya nuna su. Wannan dabam ne da tsargiya, wadda ta ke sa jini a fitsari, ita daga ruwan tafki a ke samunta. Masu cewa kuma sun ɗauki sanyi a salgar tasha, ko sun taka fitsarin wani, su yi haƙuri, ba ta nan ya ke shiga ba.

To, a nan zan ɗan tsaya, gama wadda ta fi shan wahalar ciwon nan ba ta yi tafiyar ba. Matarka tana gida. A jikin mace ciwon yakan zauna ba alama, ko kuwa ɗan ciwon mara da ɗan ruwa, ta ce ai na mata ne. Yana can yana hawa, har ya toshe hanyar da ƙwai ya ke bi zuwa mahaifa. Na san wata mace da ta yi shekara 6 ba haihuwa bayan ɗanta na fari. Uwar mijinta tana kiranta juya, aka yi mata kishiya, ita ma kishiyar shiru. Ashe mai gidan ne ya kawo abin daga fatauci, ya sha kafso, zafin ya tafi, ya ce ya warke. In kuwa mace ta haihu da ciwon a jikinta, yakan shiga idon jariri, idon ya kumbura ya yi mugunya, wani har ya makance.

Kafson nan ja da rawaya da a ke talla a kan faranti, rana tana dukansa tun safe, kada ka dogara gare shi. Ƙwayar ciwon sanyi ta rigaya ta saba da magunguna da yawa da su ke kashe ta a dā. Ka sha 2 yau, ka sha 1 gobe, mugunyar ta ragu, ƙwayar tana nan, ka ƙara mata wayo ne kawai. A asibiti allura a ke yi, a kan haɗa da ƙwayoyin sha na kwana 7 saboda ɗan'uwan nasa. Bayan magani kuma sai ka yi kwana 7 ba ka kusanci matarka ba, ita ma a yi mata nata. In ba haka ba, kai ka ba ta, ita ta mayar maka.

Tunjere ya fi su munafunci. Wajen mako 3, wani lokaci har kwana 90, sai ɗan gyambo ya fito a gaba ko a baki, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ya yi 'yan makonni ya warke da kansa, ka ce madalla. Bai tafi ba. Daga baya ƙuraje su fito a jiki har tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace. Bayan shekaru ya taɓa zuciya, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. Mace mai ciki kuwa yakan sa ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai. Ga shi kuwa tun 1943 a ke warkar da shi da allurar fenisilin, awon jini kaɗai ya ke bukata.

Ƙidaya ta ƙarshe ita ce mai tsawo. Waɗansu sukan ruga awon ƙanjamau kashegari, a ce ba a ga kome ba, su fito suna murna. Awon nan bai faɗi kome a kan daren jiya ba, gama jini bai nuna tukuna. Awon yatsa da a ke yi nan take yana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ya gani. Bayan mako 2 zuwa 4 waɗansu sukan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, su ɗauka na sauro ne, waɗansu ba su jin kome. Saboda haka ka yi awo yanzu, ka sake bayan wata 3, a duba tunjere da ciwon hanta tare. Ko an samu, ba mutuwa ba ce. Mai shan maganinsa kullum yana rayuwa, yana ciniki, in ƙwayar ta kwanta har awo bai gan ta ba, ba ya sa wa matarsa.

Ke ma 'yar'uwata, mai tuwo a bakin tasha, wadda baƙo ya ruɗe ki, kwanakin nan naki ne. Kada ki jira alama.

Saura daren da za ka isa gida. Na sani, faɗa wa uwargida ya fi allurar zafi. Ni dai shawarata ka faɗa mata, ku tafi asibiti tare. In bakinka ya yi nauyi, ka nemi dattijo mai riƙon asiri, ko pastonka ko limaminku, ya raka ka. Kafin awo ya fito, ka yi nesa da shimfiɗarta, ko kuwa ka sa kwaroron roba. Yanzu kuma, tun ba ka manta ba, buɗe littafin da ka ke rubuta bashi, ka rubuta kwanan watan daren nan, gama shi likita zai fara tambayarka.