Jawabi A Kan Halin Doki Da Kiwonsa A Ƙasar Bagudo

Ranku ya daɗe Hakimai, da Dagatai, da dattawan da suka yi aikin En'e ta Gwandu kafin a rushe tsarinta a 1976, ina gaishe ku. Tun da mun taru don tunawa da ma'aikata, ya kamata mu tuna da abin da ya ɗauke su rangadi daga Bagudo zuwa Kaoje da Illo, har bakin iyakar Dahomey, wadda aka mayar da sunanta Benin a 1975, watau doki. Ku samari masu hawa yau, ku kasa kunne.

Yawancin abin da mu ke kira mugun halin doki, tsoro ne. Allah ya sa masa idanu a gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa. Saboda haka wanda ya zo masa ta baya shiru, in ya sha harbi, kada ya zargi kowa. Ka zo ta wajen kafaɗarsa, kana magana a hankali.

Sa'an nan ka riƙa duban kunnuwansa. In ya miƙe su gaba, ya ji wani abu da kai ba ka ji ba tukuna. In ya kwantar da su baya, ransa ya ɓaci, ka duba majayi ko linzami. Haka kuma in ya toge a bakin Kwara yana hura hanci, ka bari ya sunsuna ya natsu. Bulala a nan tana iya jefa ku ruwa ku biyu.

Doki ba ya amai, cikinsa kuma ƙarami ne. A ba shi harawa da dawa kaɗan kaɗan, sau da yawa. In ka ga yana waiwayen cikinsa, yana birgima, maza a kira malamin dabbobi. Kada kuma a ɗaure shi a inuwar kurmin bakin rafi, inda tsando ke cizo ya sa masa sammore.

Dabban nan amana ce a hannunmu, za a kuwa tambaye mu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe ta, amin.