Kwanakin Fada Maccalli a hannun masu garkuwa

Fada Pier Luigi Maccalli ɗan ƙasar Italiya ne, limamin Katolika da ya zauna shekaru a ƙauyen Bomoanga na jihar Tilaberi a Nijar, kusa da iyakar Burkina Faso, yana aikin makaranta da kula da marasa lafiya a tsakanin Gurmawa. A daren 17 ga Satumba 2018 ƴan bindiga suka ɗauke shi daga gidansa, suka kai shi hamadar arewacin Mali, har da sarƙa a ƙafa. Babu laifin da ya aikata, babu kuma alƙalin da zai kai wa kuka.

Addu'a ce ta riƙe shi. Ya ɗaura carbi da tsumman ƙyalle yana jan sa kullum. Can Madignano, garinsu, dangi da maƙwabta ba su daina taruwa suna yi masa addu'a ba. An sake shi ranar 8 ga Oktoba 2020 tare da Soumaïla Cissé, jagoran adawar Mali a lokacin. Daga baya ya ce ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Wannan yafiya ta cancanci yabo daga Musulmi da Kirista.