Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Kan Sayen Bel na Tsofaffin Motocin Dizal



An ba ni minti kaɗan, kuma na zaɓi in yi magana a kan bel ɗin mota. Ni ba makaniki ba ne, amma littafin asusun taimako a hannuna yake, kuma duk motar ɗan ƙungiya da ta kwana a hanya sai labarinta ya biyo ta teburina. Na bana da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani ɗan'uwanmu da ya ɗauko tumatir a tsohuwar Hilux. Ya wuce Jibiya lafiya, tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi fambel ya tsinke bayan magariba. Sati ɗaya ke nan da sa shi, sabo fil. Kafin a samo wani gari ya waye, rana ta buɗe, rabin kayan ya tafi.

Galibinmu injin Toyota 2L, 3L ko 5L muke hawa, a Hilux ko Hiace. A waɗannan injuna fambel ne ke juya famfon ruwa da altaneta. Idan ya tsinke batir ya daina caji, ruwa ya daina zagayawa, kuma kan injin nan ba ya jure zafi, tsagewa yake yi. Abin da da yawa ba su sani ba, famfon da ke ba burki ƙarfi a bayan altaneta yake maƙale. Bel na tsinkewa, bayan taku biyu ko uku burki zai yi tauri kamar dutse, ga kaya a baya.

To, yaya za a saya? Kada ku aiki yaro da sunan mota kawai. Motar da ta shekara ashirin da wani abu ta sha canjin altaneta, wani lokaci har injin ba nata ba ne. Lambar da ke jikin tsohon bel ita ce abin dubawa, kuma ita kaɗai ce mai shago a Katsina da na Maraɗi da na Kwatano za su karanta iri ɗaya, ko da Turanci yake ciniki ko da Faransanci. Idan an rubuta AVX10x1000, faɗinsa milimita 10, tsawonsa 1000. Mai layi-layi na motocin baya-bayan nan, irin 6PK1750, layi shida ne da tsawon milimita 1750. Idan lambar ta goge, ku je da tsohon a hannu.

Akwai wanda ake rubuta wa A40 ko A42. Wannan lissafin inci ne, faɗinsa milimita 13, kuma na injin niƙa da injin ban ruwa ne. Yana iya hawa, har mota ta tashi, amma ba a yi shi don zafi da gudun injin mota ba. Irinsa aka sa wa ɗan'uwan nan namu, don ya fi araha.

Inda bel biyu ke tafiya tare a kan altaneta, a canza su tare, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Idan aka haɗa sabo da tsoho, sabon ne zai ɗauki nauyin duka. Ku leƙa ramin pulin kuma: idan gindinsa na ƙyalli, ya cinye, ko Gates ko Bando ko Mitsuboshi kuka sa ba zai daɗe ba. Sunayen nan ma ana buga su a jabu. Ni dai na fi yarda da shagon da zan iya komawa in yi ƙorafi fiye da kwali mai kyau. Wajen ɗaurewa, a danna tsakiya da babban yatsa, ya nutsa kamar santimita ɗaya. Ya yi sako-sako zai yi kuka, ya yi tauri zai kashe bodin ɗin altaneta. Bayan tafiyar farko a sake dubawa, sabo yana saki.

Sai wanda ba a gani, tayimin bel, yana cikin murfi. Shi ba ya kuka, ba ya sallama. Idan ya tsinke fistin zai doki bawul, maganar ta koma ta sauke injin. A waɗannan injuna ƙa'idarsa kilomita 100,000, har akwai fitilar T-BELT da ke kamawa, sai dai mita nawa ke aiki a motocinmu? Wanda ya sayi mota bai san tarihinta ba, ya canza shi tun farko tare da abin da ke ɗame shi. Idan baƙin mai na ɗiga a wurin a toshe, don mai na cin roba.

Da izinin shugaba, na ware shafi a ofis. Kowa ya kawo lambar motarsa, lambobin bel ɗinta da ranar da aka canza tayimin. Idan ta tsaya maka a daji, waya ɗaya za ka yi mini, in karanta wa mai shago, a ba motar da ke biye ta kai maka. Tsohon fambel da aka cire da sauran ƙarfinsa kuma a ajiye shi bayan kujera tare da sifana.