Digiri Na Biyu Kan Hulɗar Ƙasashen Duniya: Wa Zai Karanta Mana Takardun?

Jawabin da aka yi wa iyaye da ɗalibai 'yan Arewa mazauna Ikko a wurin wani taro a Agege



An umurce ni in yi magana a kan wani fannin ilmi da samarinmu da 'yammatanmu suka fara sha'awa, watau karatun hulɗa tsakanin ƙasashen duniya a matakin digiri na biyu. Iyaye da yawa in sun ji sunan sai su ɗauka yaro zai fito jakada ne, ya shiga mota mai tuta. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara da abin da ya riga ya taɓa aljihun kowa a wannan zaure.

Ran 26 ga watan Yuli na 2023 soja suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Aka rufe iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba ta. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari, kaya suka lalace a kansu, masu sayar da dabbobi a nan Ikko kuwa ba sai an ba su labari ba. Sai a farkon 2024 aka janye takunkumin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: a watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar da aka kafa a cikin garin nan a 1975. Kafin wannan an rufe iyakokinmu daga 1984 zuwa 1986, an kuma rufewa daga 2019 zuwa 2020. Dattawa na iya tuna yadda gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, da yadda Nijeriya ta kori nata baƙin a 1983. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce, kafin shugaba ya sa hannu, akwai ma'aikatan da suka rubuta masa takardar shawara. Tambayata ita ce: a cikinsu mutum nawa ne suka taɓa cin kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni?

Ga wani misali da ya fi wannan ciwo. Kowa ya ji labarin Bakassi, amma kaɗan ne suka san cewa hukuncin da Kotun Duniya ta yanke a birnin Hague ran 10 ga watan Oktoba na 2002 ya haɗa har da yankin Tafkin Cadi. Sa'ad da ruwan tafkin ya ja baya, masunta da manoma daga Nijeriya, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka bi shi suka kafa ƙauyuka kamar su Darak. Shekara da shekaru suna zaune, hukumomin Jihar Borno ke mulkinsu. Lauyoyin Nijeriya suka kafa hujja da wannan zama. Kamaru kuwa ta fito da takardun da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1919 da 1931, waɗanda suka shata iyakar tun ba a haifi mazauna wurin ba. Kotu ta ce takarda ta fi zama ƙarfi. A ƙarshen 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka wajen talatin. Mutum ya kwana a ƙasa ɗaya ya tashi a wata, bai ko ɗaga tabarmarsa ba.

To, jama'a, sanin irin waɗannan takardu, da yadda ake ƙulla su, da yadda ake warware su, shi ne ƙashin bayan karatun da muke magana a kansa. Turawa sun mai da shi fanni mai zaman kansa a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka kafa kujerar shehun malami ta farko a Aberystwyth ta yankin Wales. Amma aikin kansa ba baƙonmu ba ne. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno suka yi ta musaya a kan halaccin yaƙi suna nan a cikin Infakul Maisuri, kuma Waziri Giɗaɗo ne ya sauki Bature Clapperton a Sakkwato a 1824. A ganina abin kunya ne ɗalibinmu ya haddace sulhun Westphalia na 1648 alhali bai taɓa buɗe waɗannan ba.

A digiri na biyu ana koyar da dokar ƙasa da ƙasa, da tattalin arzikin duniya, da tarihin manufofin Nijeriya game da ƙasashen waje, da tsarin ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka. Ana kuma bin muhawarar masana: wasu na cewa ƙasa ba ta jin kome sai ƙarfi da bukatar kanta, wasu na cewa ciniki da yarjejeniya na iya ɗaure mai ƙarfi. Wanda ya zauna da 'yan kasuwa ya san duka biyun suna da gaskiyarsu.

Abin da ya kamata iyaye su lura da shi kafin su kwance bakin jaka shi ne, digirin iri biyu ne. Akwai na ma'aikata, wanda galibi ake yi da yamma ko ƙarshen mako, kamar na dokar ƙasa da ƙasa da diflomasiyya a Jami'ar Ikko, ko na harkokin duniya da diflomasiyya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wannan yana da amfani ga jami'in kwastan ko na shige da fice ko ɗan jarida mai son ƙara sani. Akwai kuma na bincike, wanda ɗalibi ke rubuta cikakken kundi ya kare shi a gaban malamai, kuma shi ne hanyar digirin dakta. Jami'ar Ife, wadda ta riga sauran buɗe sashe na musamman don wannan fanni tun shekarun 1970, tana cikin masu bayar da shi. Yaron da ke da niyyar koyarwa ko bincike, in ya shiga na farko don ya fi sauƙi, zai zo ya tarar da ƙofa a rufe. A tambaya tun kafin a biya kuɗin fom. Mai son Ingila kuwa, can shekara ɗaya ce, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu sai da tallafi irin na Chevening, shi kuma sai wanda ya yi aikin shekara biyu.

Yanzu maganar jakada. Wannan takarda ba ta naɗa kowa jakada. Shiga Ma'aikatar Harkokin Waje ta hannun hukumar ɗaukar ma'aikatan Tarayya ake yi, guraben kaɗan ne, wanda ya samu kuma daga ƙasa zai fara hawa. Waɗanda muke alfahari da su ba rana ɗaya suka kai ba. Farfesa Ibrahim Gambari ya koyar a Zariya kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984, daga baya ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999. Farfesa Tijjani Muhammad Bande, mutumin Zagga ta Jihar Kebbi, ya yi digirinsa na biyu a Boston ta Amurka a 1981. Sai a 2019, bayan shekara 38, ya hau kujerar shugabancin Babban Zauren Majalisar. Yawancin masu wannan digiri a jami'o'i suke ƙarewa, ko gidajen jarida, ko ƙungiyoyin agaji, ko hukumomi irin su Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964. Wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, suna zaune da takardar a akwati.

Abin da ke raba mai aiki da mai zaman jira sau da yawa harshe ne. Ƙasashe huɗu muka haɗa iyakar tudu da su, Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, kuma dukansu Faransa ta mulke su ko ta mulki yawancinsu, takardunsu na hukuma da Faransanci aka tara su. Ɗanmu ya tashi da Hausar da za a fahimce shi daga Agadas har Kumasi, da yawa kuma sun sami Larabci a makarantar allo da ta ilmi, ga Yarabancin da suka tsinta a unguwa. Faransanci kaɗai ya rage, shi ne kuma muke sakaci da shi. Ni da za a bi shawarata, da duk wanda zai shiga wannan karatu ya fara ba Faransanci shekara guda. Akwai Ƙauyen Koyon Faransanci na Gwamnatin Tarayya a Badagry, ba nisa da nan.

Saura kundin bincike. Ɗalibanmu na son rubutu a kan Amurka da Sin, ko rikicin Gabas ta Tsakiya, inda dubban masana suka riga su da kayan aiki da ba su da irinsa. Alhali kuwa ga madatsar ruwa ta Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin Kwara, sama da Kainji da Jebba. Ga makomar yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba biza, yanzu da ƙasashe uku suka fita. Ga yadda naira da sefa ke musaya a hannun 'yan canji ba tare da banki ba. Ɗakin karatu na Cibiyar Nazarin Harkokin Duniya, wadda aka kafa a 1961, yana nan Victoria Island, kuɗin mota kawai zai ci.

Sauran bayanin kuwa yana hannunku, iyayenmu fatake da direbobi da dillalan kara. Ku kuka san shingaye nawa ne tsakanin Seme da Accra, da abin da ake biya a kowanne, da ranar da aka daina karɓar wace takarda. Roƙona shi ne, in yaro ya zo muku da littafi da alƙalami yana tambaya, kada ku ɗauke shi ɗan leƙen asirin kwastan. Ku duba takardar makarantarsa, ku ba shi wurin zama.